ZIYARA A LUMBINI, MAHAIFAR BUDA

Tun da jijjifi, kamin rana ta keta hazon da ke kwance bisa gonakin shinkafa na kudancin ƙasar Nepal, jama'a sun riga sun jeru a bakin wata ƙofa. Ga tsofaffin mata ƴan ƙasar Siri Lanka cikin fararen tufafi, kowace da fure a hannunta. Ga ƴan zuhudu na ƙasar Tailan da aski ƙwal, sun yafa mayafi ruwan ɗorawa. Ga mutanen Tibet cikin jajayen riguna, suna jan carbi mai ƙwara 108. Duk wanda ya iso ƙofar, babba ne ko yaro, minista ne ko manomi, sai ya tuɓe takalmansa ya ajiye, ya shiga da ƙafa a ƙasa.

Harsunan waɗannan mutane dabam-dabam ne, wani ba ya jin maganar wani, amma abu guda ya tara su, watau wani lambu mai suna Lumbini. A nan ne aka haifi mutumin da duniya ta sani da laƙabin Buda, wanda ɗaruruwan miliyoyin mutane a nahiyar Asiya ke bin koyarwarsa. Sai dai kamin shekarar 1896 babu mai iya kama hannun baƙo ya nuna masa wannan lambu da tabbaci. Daji ya cinye shi, sunansa ya saura cikin littattafai kaɗai. Abin da ya maido da shi ga masu shi, layi biyar ne na rubutu bisa wani ginshiƙin dutse.

HANYAR ZUWA

Ƙasar Nepal tana tsakanin Indiya da Sin, kuma an fi saninta da duwatsun Himalaya masu ƙanƙara. Amma Lumbini ba cikin duwatsu take ba. Tana can kudu, cikin wani shimfiɗaɗɗen fili mai dausayi da ake kira Tarai, dab da iyakar Indiya. Ƙasa ce ta shinkafa da alkama da rake da mangwaro. Daga watan Afrilu zuwa Yuni zafi yakan wuce digiri 40, sa'an nan damina ta sauka da ƙarfi har zuwa Satumba. Saboda haka mafi yawan maziyarta sukan zo ne tsakanin Oktoba da Maris, lokacin sanyi.

Wanda ya taso daga Katmandu, babban birnin ƙasar, yana da kimanin kilometir 300 a gabansa, hanya mai hawa da gangara da kwane-kwane, wadda takan cinye wa mota wuni guda. Jirgin sama kuwa cikin kimanin rabin awa yake sauka a garin Bairahawa, daga nan saura kilometir 22 zuwa yamma. Masu fitowa daga Indiya sukan bi ta birnin Gorakpur, su ƙetare iyaka a Sunauli. Su ne mafi yawan ayarin ƙasashen waje, domin sukan haɗa Lumbini da wasu wurare uku cikin tafiya guda.

WANE NE BUDA?

Buda ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Sunansa Sidarta Gautama, ɗan Sudodana, shugaban ƙabilar Sakiya, wadda hedkwatarta ke birnin Kapilabastu. Littattafan addinin Buda sun ba da labari cewa da cikin mahaifiyarsa Maya Debi ya tsufa, sai ta kama hanyar Debadaha, garin iyayenta, domin ta haihu a gida, al'ada irin wadda Hausawa ke kira goyon ciki. Da ayarinta ya iso lambun Lumbini sai ta tsaya hutawa, ta yi wanka cikin wani tafki. A nan naƙuda ta kama ta, ta riƙe reshen wani itace, ta haihu a tsaye. Bayan kwana bakwai ta rasu, ƙanwarta ta ɗauki renon jaririn.

Yaron ya tashi cikin daula, an kange shi daga ganin wahalar duniya. Da ya girma ya fita gari, sai ya ga tsoho tukuf, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya kuma ga wani mai zuhudu wanda bai mallaki kome ba amma hankalinsa kwance. Yana da shekara 29 ya bar fada, ya bar mata da ɗa, ya shiga neman sanin tushen wahala da maganinta. Bayan shekara shida, yana zaune ƙarƙashin wani itace a wurin da ake kira Bodi Gaya, ya ce ya gane. Ya yi shekara 45 yana koyarwa, ya rasu yana da shekara 80.

Gundarin koyarwarsa shi ne, rayuwa tana tattare da wahala, kwaɗayi ne tushen wahalar, kuma mutum na iya kashe kwaɗayin ta hanyar gyaran hali da horon zuciya. Mabiyi na gari yakan ɗauki alkawari biyar: ba zai kashe mai rai ba, ba zai yi sata ba, ba zai yi fasiƙanci ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba. Littattafan sun ce dab da rasuwarsa ya ambata wa almajirinsa Ananda wurare huɗu da ya kamata mabiya su ziyarta: inda aka haife shi, da inda ya farka, da inda ya yi wa'azin farko, watau Sarnat kusa da Banaras, da inda zai rasu, watau Kushinagar. Uku suna cikin Indiya ta yau. Lumbini kaɗai ke cikin Nepal.

CIKIN LAMBU

Bayan ya tuɓe takalmi, mai ziyara yakan fara cin karo da wani farin gini mai kusurwa huɗu, wanda ake kira ɗakin ibadar Maya Debi. An buɗe shi cikin shekarar 2003. Ginin ba shi da wani ado na a zo a gani, domin rumfa ce kawai aka yi wa tsofaffin kangaye. A ciki an shimfiɗa wata hanya ta katako bisa kangayen, jama'a suna binta ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, kuma an hana ɗaukar hoto. Ƙarƙashin ƙafafunsu ana ganin jerin tubalin da aka gasa tun zamanin Sarki Asoka, fiye da shekara 2,200 ke nan.

A tsakiyar ɗakin layin yakan tsaya. Kowa ya leƙa ƙasa, ya ga wani ɗan dutse cikin akwatin gilashi. Tsawonsa santimetir 70 ne, faɗinsa santimetir 40, kaurinsa santimetir 10. Ba rubutu a jikinsa, ba zane. Masu binciken kayan tarihi na Nepal da na Japon ne suka tono shi cikin aikin da suka yi daga 1992 zuwa 1996, bayan saiwoyin wani babban itace sun tsattsage tsohon ɗakin da ke wurin. Sun tarar da shi bisa wani dandamali na tubali, a ƙarƙashin gine-ginen da aka yi ta ɗorawa wani kan wani, sai aka ɗauka cewa alama ce da mutanen dā suka ajiye domin nuna daidai inda aka yi haihuwar. A nan wasu kan runtse ido, wasu su haɗa tafin hannu a ƙirji, wasu hawaye su zubo musu. Ba a daɗewa, domin na baya na jira.

Bisa dutsen, jikin bango, akwai wani sassaƙe da aka yi wajen ƙarni na 4 na Miladiyya. Yana nuna Maya Debi ta ɗaga hannun dama ta riƙe reshe, jariri yana tsaye kusa da ita. Tsufa ya goge fuskokin, sai siffar jiki ta rage.

Da an fito ta kudu sai tafkin da aka ce a cikinsa ta yi wanka. An ɗaure bakinsa da matakala na tubali cikin shekarun 1930. A gefensa akwai wani babban itace dangin ɓaure, an rataya masa dubban ƙyallaye masu launi biyar, shuɗi da fari da ja da kore da rawaya, kowane da addu'a a rubuce. Ƙarƙashin inuwarsa ƴan zuhudu ke zama, sun tanƙwashe ƙafafu. Kowane ayari ya sami gefe ya shimfiɗa tabarma, jagoransu yana karatu da harshen Pali, tsohon harshen littattafan addinin, saura suna amsawa. Masu kewaya wurin kuma a kullum sukan sa shi ta hannun damansu, domin a al'adarsu haka ake girmama abu mai daraja. Wasu mutanen Tibet ba su tafiya haka kawai: sukan miƙe ƙasa da dukan tsawonsu, su tashi, su taka zuwa inda yatsunsu suka kai, su sake miƙewa.

GINSHIƘIN SARKI ASOKA

A yammacin farin ginin, cikin shinge na ƙarfe, ginshiƙin yake tsaye. Dutse guda ne aka sassaƙa, tsawonsa a saman ƙasa kimanin metir 6, ya tsage daga sama, an ɗaure shi da zoben ƙarfe. Wanda bai san labarinsa ba yana iya wuce shi bai waiwaya ba.

Asoka sarki ne na daular Mauriya, wadda ta mallaki mafi yawan ƙasar Indiya. A farkon sarautarsa mayaƙi ne. Wajen shekara 261 kamin haihuwar Annabi Isa ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi, kuma shi da kansa ya sa aka rubuta bisa duwatsu cewa an kashe mutum 100,000, an kwashi 150,000 daga gidajensu, kuma abin ya dame shi ƙwarai. Daga nan ya karkata ga koyarwar Buda, ya riƙa kakkafa ginshiƙai a sassan daularsa, yana sa a rubuta umurninsa a jikinsu domin kowa ya sani.

Wajen shekara 249 kamin haihuwar Annabi Isa ya zo Lumbini. Layi biyar ɗin da ke jikin ginshiƙin sun bayyana cewa sarkin ya zo da kansa cikin shekara ta ashirin da naɗinsa, ya yi girmamawa, saboda a nan aka haifi Buda, mai hikimar ƙabilar Sakiya. Sun bayyana cewa shi ya sa aka kafa ginshiƙin. Daga ƙarshe suka ambaci sunan ƙauyen, suka ce an yafe masa haraji, kuma daga amfanin gona kashi ɗaya cikin takwas kaɗai zai riƙa bayarwa. Littattafan shari'a na Indiya ta dā kuwa kashi ɗaya cikin shida suka ambata a matsayin rabon sarki.

Ashe dai rubutun ba na ibada kaɗai ba ne, takardar hukuma ce. Akwai sunan mai umurni, akwai shekara, akwai sunan gari, akwai dalili, akwai adadin abin da talaka zai biya. An kafa shi a fili domin kada wani mai karɓar haraji ya zo gobe ya ce bai ji ba. Wannan tsari na ma'aikatan mulki shi ne ya sa, bayan fiye da shekara dubu biyu, masana suka iya dogara da shi.

YADDA WURIN YA ƁATA

Bayan Asoka an yi ƙarnoni ana ziyartar Lumbini, ana gina ɗakunan ibada da gidajen ƴan zuhudu. Daga cikin maziyartan akwai mutanen Sin guda biyu da suka rubuta abin da suka gani. Na farko Fahiyan, wanda ya bar ƙasarsa cikin shekarar 399 ya ƙetare hamada da duwatsu a ƙafa. Ya tarar da birnin Kapilabastu ya zama kufai, har ya gargaɗi matafiya game da giwaye da zakoki bisa hanya. Na biyu Shuwan Zang, wanda ya yi tafiyarsa daga 629 zuwa 645. Shi ya rubuta cewa ya ga tafkin, ya ga ginshiƙin, an yi masa siffar doki a kai, amma tsawa ta karya shi. Dukansu biyu sun rubuta nisan da ke tsakanin gari da gari, da kuma wajen da mutum zai fuskanta.

Cikin shekarar 1312 wani sarki daga yammacin Nepal, Ripu Malla, ya zo ziyara, ya sa aka sassaƙa sunansa a saman ginshiƙin. Bayansa sai labari ya ɗauke. Addinin Buda ya riga ya ja baya a ƙasar Indiya, manyan makarantunsa sun rushe, ayarin maziyarta ya yanke. Kurmi ya rufe Tarai, masassarar cizon sauro ta hana baƙi zama, sai ƙabilar Taru da jininsu ya saba da ita. Ƙasa ta yi ta taruwa a gindin ginshiƙin har ta binne rubutun Asoka.

Mutanen ƙauyukan kewaye ba su bar zuwa wurin ba. Suna kiransa Rummindei, suna kai baiko ga sassaƙen nan na Maya Debi, suna ɗaukarsa wata uwar-gijiya ce ta addinin Hindu. Sunan ya ɗan rage a bakinsu, amma ma'anarsa ta tafi. Ko da ma sun tono rubutun, da ba su karanta shi ba, domin baƙaƙen da aka yi shi da su, waɗanda ake kira Birahmi, an yi ƙarnoni ba mai iya karanta su a duk faɗin Indiya.

YADDA AKA GANO SHI

Cikin shekarar 1837 wani Baturen Ingila, James Prinsep, ma'aikaci a gidan buga kuɗi na Kalkata, ya warware baƙaƙen Birahmi bayan ya daɗe yana gwada rubuce-rubucen tsofaffin kuɗaɗe da na duwatsu. Cikin wannan ƙarni kuma aka fassara littattafan matafiyan Sin zuwa Faransanci da Ingilishi. Masu bincike suka ɗauki littattafan tamkar taswira, suna bin sawun matafiyan zango zango.

Cikin watan Disamba na 1896, Janar Kadga Shamsher, gwamnan jahar Palpa ta Nepal, ya sa mutanensa suka haƙa gindin ginshiƙin da ke Rummindei. Tare da shi akwai wani Bajamushe, Alois Führer, ma'aikacin hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya. Da aka kwashe ƙasa sai ga layi biyar ɗin sun fito tsaf, kamar jiya aka sassaƙa su, domin ƙasar da ta ɓoye su ita ce ta kare su daga ruwa da rana. Aka karanta, aka ga sunan Buda, aka ga sunan ƙauyen. Ga tafki a gefe, ga tsagewar da tsawa ta yi, kamar yadda Shuwan Zang ya faɗa.

Führer bai gama lafiya ba. An gano cewa a wasu wurare ya ƙago abubuwan da bai gani ba ya sa cikin rahotanninsa, kuma cikin 1898 ya rasa aikinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma masana sun sake duba rubutun Lumbini, sun gwada harshensa da baƙaƙensa da na sauran ginshiƙan Asoka, mafi yawansu suka tabbatar da ingancinsa. Cikin 1899 wani masani ɗan Indiya, Purna Chandra Mukherji, ya ci gaba da tono, an kuma gane cewa sassaƙen da ƙauyawa ke kai wa baiko hoton haihuwar Buda ne.

Har yanzu ƙasar Lumbini ba ta gama ba da labarinta ba. Hukumomin Nepal suna riƙe da cewa an haifi Buda shekara 623 kamin haihuwar Annabi Isa, wasu masana tarihi suna cewa 563, wasu kuma wajen 480. Cikin 2013 wata ƙungiyar masu bincike ƙarƙashin Robin Coningham na jami'ar Durham ta Ingila da Kosh Prasad Acharya na Nepal ta ba da sanarwar cewa a ƙarƙashin tubalin Asoka ta sami ramukan dirkoki na wani shinge na itace, da alamar saiwoyi a tsakiyarsa. Awon da suka yi ya nuna ƙarni na 6 kamin haihuwar Annabi Isa. Gardamar shekarar haihuwa ba ta mutu da wannan ba, amma ya nuna cewa ana girmama wurin tun kamin Asoka ya zo.

TSARIN 1978

Gano wuri dabam, tattalinsa dabam. Cikin 1967 babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya, U Thant, mutumin ƙasar Bama kuma mabiyin addinin Buda, ya ziyarci Lumbini. Ya tarar da wurin a yashe, hanyar zuwa da wuya, ba masaukin kirki. Ya yi kira ga ƙasashen duniya, cikin 1970 aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa, aka ɗora wa wani gwanin zanen gine-gine na Japon, Kenzo Tange, aikin tsara wurin. An amince da tsarinsa cikin 1978, kuma cikin 1985 gwamnatin Nepal ta kafa hukuma ta musamman domin aiwatar da shi.

Filin da ya zana yana da tsawon kilometir 4.8 daga arewa zuwa kudu, da faɗin kilometir 1.6, an kasa shi uku. A arewa akwai masaukai da gidan ajiye kayan tarihi. A tsakiya akwai unguwar ƴan zuhudu. A kudu lambun yake, ruwa ya kewaye shi. Nufin mai zanen shi ne mai ziyara ya shigo ta arewa, ya bar hayaniyar duniya a bayansa sannu a hankali, kamin ya iso wurin haihuwar.

Wata doguwar mashigar ruwa da aka haƙa, mai fiye da kilometir guda, ta raba unguwar ƴan zuhudu biyu. Gabas na masu bin tafarkin Terabada ne, irin na Siri Lanka da Tailan da Bama da Kambodiya. Yamma na masu bin tafarkin Mahayana ne, irin na Sin da Koriya da Biyetnam da Tibet. Kowace ƙasa ta yi gini irin na gida. Na Tailan fari ne fat, na Bama yana da tulluwa ruwan zinariya, na Sin yana da jan bango da rufi mai lanƙwasa, har Jamus da Faransa suna da nasu. Wanda ya hau keken haya yana iya zaga gine-ginen rabin Asiya tsakanin hantsi da la'asar. Wasu gidajen, kamar na Koriya, suna saukar da baƙi, su ci shinkafa da miyar wake tare da masu gida. A bakin mashigar ruwan ta kudu akwai wata wuta da aka kunna cikin 1986 domin zaman lafiyar duniya, ba a barinta ta mutu.

Cikin 1997 hukumar UNESCO ta sa Lumbini cikin jerin kayan gadon duniya, jerin da tsohon garin Agadas ya shiga cikin 2013.

MAƘWABTAN LAMBU

Da mai ziyara ya fita daga shingen sai ya tarar da wata duniya dabam. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kimanin kashi 81 cikin 100 na mutanen Nepal mabiya addinin Hindu ne, kashi 8 mabiya Buda, kashi 5 Musulmi. A ƙauyukan da ke kewaye da Lumbini mabiya Buda kaɗan ne ƙwarai. Mazauna wurin ƴan Hindu ne da Musulmi masu yawa, har wanda ke zaune gindin itacen lambu yakan jiyo kiran salla daga masallatan ƙauye. Su ne masu tuƙa keken haya mai taya uku, su ne masu sayar da fure da turare da shayi, su ne magina da masu shara.

Waɗannan mutane sun biya nasu rabon. Lokacin da aka keɓe filin, an tashi ƙauyuka da dama daga gonakin kakanninsu. Baƙi masu kuɗi kuwa sau da yawa sukan iso cikin manyan motoci daga Indiya, su yi awa biyu ko uku, su juya ba su kwana ba, abin da suka kashe bai kai hannun ƙauyawa ba. Domin a jawo masu kwana ne aka faɗaɗa filin jirgin saman Bairahawa, aka buɗe shi ga jiragen ƙasashen waje ran 16 ga Mayu 2022, ranar bikin haihuwar Buda. A shekarun farko jiragen waje kaɗan ne suka riƙa sauka.

Akwai wasu maƙwabtan kuma masu fiffike. Cikin fadamun arewacin filin ake ganin wani tsuntsu dangin gauraka, toka-toka mai jan kai, wanda tsayinsa kan kai na mutum. An keɓe masa wuri, domin ana ba da labari cewa Sidarta yana yaro ya ceci wani tsuntsu da ɗan'uwansa ya harba da kibiya.

ABIN DA KE BARAZANA

Abin da daji bai iya yi ba cikin ƙarni shida, hannun mutane na iya yinsa cikin ƴan shekaru. Kamin annobar 2020 masu zuwa Lumbini sun wuce miliyon guda a shekara. Wasu sukan manna ganyen zinariya jikin tsohon tubali, wasu su jefa kuɗi, wasu su zuba turare ko su kunna fitila dab da dutse. Kowa da kyakkyawar niyya yake yi, amma taruwar abin tana cin tubalin. Ruwan ƙasa kuma yana kusa, laima tana hawa cikin kangayen, gishiri yana fitowa jikinsu.

Babbar damuwa ita ce hayaƙi. Bisa hanyar Bairahawa zuwa Lumbini an kakkafa masana'antun siminti da wuraren gasa tubali, ƙurarsu tana sauka bisa ginshiƙin da gonaki da huhun mazauna. Cikin 2009 gwamnatin Nepal ta tsai da shawarar hana kafa sababbin masana'antu masu hayaƙi cikin kilometir 15 kewaye da wurin, amma waɗanda aka riga aka kafa suka ci gaba da aiki. Cikin 2024, a taron kwamitin UNESCO da aka yi a Delhi, an kawo shawarar sa Lumbini cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Kwamitin bai yi hakan ba, ya ba Nepal lokaci ta gyara. Ga hukumomi dai zaɓin ba mai sauƙi ba ne, domin masana'antun suna ba dubban iyalai abinci, ginshiƙin kuwa guda ɗaya ne, in ya lalace ba a sake wani.

Da magariba masu tsaro sukan fara sallamar jama'a. Ƴan zuhudu su naɗe tabarmi, tsofaffin matan Siri Lanka su nemi takalmansu a bakin ƙofa, masu keke su kama hanyar ƙauye. Kamin ya fita, mai ziyara yakan sake bi ta gaban shingen ƙarfe. Kaɗan ne cikin dubban da ke wucewa za su iya karanta baƙaƙen Birahmi, sai su tsaya ga allon fassara da aka kafa a gefe. Daular Mauriya ta shuɗe, harajin da aka yafe an manta da masu karɓarsa, dokin da ke kan ginshiƙin ba a sake ganinsa ba. Layi biyar ɗin suna nan inda magatakardan sarki suka bar su, da sunan gari, da shekara, da kashi ɗaya cikin takwas.